Shuɗiyar Tukunyar Honorine

Lahadi, da la'asar

Na shirya teburi na mutum huɗu. Ni kaɗai na ci.

Naman ya yi yadda ake so. Jiya na sayo shi a kasuwar Adjarra, doguwar tsokar nan mai laushi da ke kwance jikin ƙashin bayan alade, wadda ba kitse ba jijiya. Tun safe na jiƙa ta cikin baƙin ruwan waken soya da zuma da ɗanyar citta da tafarnuwa da lemun tsami, na soya bayanta a kasko mai zafi, na rufe ta ta ƙarasa a hankali. Haka Honorine take yi. Ita ta koya a kicin ɗin wata 'yar Vietnam da ta yi wa aiki a Kwatano kafin aurenmu. Ni kuwa a tsaye a bayanta na koya, a shekararta ta ƙarshe, lokacin da hannunta ya daina riƙe wuƙa. Shi kaɗai ne girkin da na iya. Tun rasuwarta nake yinsa duk Lahadi, yaran suna zuwa: ɗana Finagnon daga Kwatano, 'yata Sedami da mijinta Toussaint daga Tokpota.

Finagnon ya bugo ya ce aiki ya riƙe shi. Toussaint ya ce Sedami ba ta jin fita. Tun watan Agusta ba ta jin fita.

Na sa ragowar a firij.

Talata, ƙarfe goma na safe, a ofis

Na yi ritaya, amma har yanzu jaridar tana kirana in duba mata rubutu Talata da Alhamis. Yau wani sabon ɗan rahoto ya fara labarinsa da "an ce". Na ja layi a ƙasa da jan biro, na rubuta a gefe: wa ya ce? Abin da na koya wa duk wanda ya bi ta hannuna ke nan. In ba ka da majiya biyu, ba ka da labari.

Kan 'yata kuwa majiyata ɗaya ce, Toussaint, shi ma kalma uku yake ba ni.

Laraba, da hantsi

Na buga mata. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Alhamis, da yamma

Ina ba shukokin Honorine ruwa sai maƙwabciyata Alaja Nimota, mai sayar da atamfa, ta leƙo ta saman katanga.

"Edita, sallama nawa zan yi? Allah ya ba ka kunnuwa kamar faifai, amma na ado ne."

Na ce mata ruwa ne yake ƙara. Ta ce ƙarya ba ta yi wa mai furfura kyau. Haka muke da ita tun muna da ƙuruciya, ita da masallacinta, mu da cocinmu, katanga ɗaya.

Sai ta rage murya. "Na ga Sedami shekaranjiya a hanyar Tokpota. Farar riga har ƙasa, farar hula, ba takalmi. Tana bayan uwar mijinta. Ka sani?"

Na ce na sani.

Ban sani ba. Uwar Toussaint 'yar cocin masu fararen riguna ce, wannan kowa ya sani. Amma Sedami a cocinmu aka yi mata baftisma, kuma ita ce take kwaikwayon tafiyarsu tana ba mamanta dariya.

Na cika wa shukar lemun ruwa har ya malala.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Adjarra. Mahaucin da nake saye wurinsa ya hango ni tun daga nesa ya ɗaga tsokar sama.

"Papa, ga taka na ɓoye! Ina madam ɗinmu, 'yarka? Ai yanzu ta sauka, ko? Wannan cikin ya ci aladena ya kai rabin garke. Mace ko namiji?"

Na ce ya cire min farar fatar da ke jikin tsokar, kamar kullum. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya cire. Ya ƙara min wani yanki bai faɗi dalili ba.

Lahadi, bayan cin abinci

Finagnon ya zo shi kaɗai. Ya leƙa kasko ya ce, "Papa, wannan naman dai? Ni fa ina jin aladun Adjarra sun san lambar motarka."

Amma ya ci, har ya ƙara. Yana cikin ci ya gaya min Sedami ba ta ma kwana a gida yanzu. Uwar mijinta ta kai ta zaman neman tsari a harabar cocinsu, addu'a safe da yamma, sai ranar da dattawan cocin suka sallame ta.

"Ka je ka gan ta mana."

"Ba a kira ni ba."

"Kai ubanta ne, Papa, ba taron manema labarai ba ne."

Da ya tashi wanke hannu ya bi ta gaban ɗakin baya. Ya dawo ya tsaya a kaina. "Har yanzu yana ciki?"

"Yana ciki."

"Ka mayar wa kafinta. In ta zo ta gani fa?"

Na tambaye shi ko zai tafi da shinkafa.

Litinin, da safe

Na shiga ɗakin baya na share ƙura. Ɗan gadon yana inda kafinta ya ajiye shi a watan Yuli. Ni na ce a yi, don in sun zo Lahadi a sami inda za a kwantar. Na lulluɓe shi da zanen Honorine mai ruwan ganye.

A wurinmu ba a zaman makoki kan irin wannan. Ba a sa suna, ba a tara mutane. Dattawan gidan Toussaint sun yi abin da ake yi tun tana asibiti, suka ce kada kowa ya tayar da maganar a gabanta, don ta manta da wuri. Na bi. Na yi aikin jarida a zamanin soja, na san yadda ake barin abu a waje ba tare da shafin ya nuna gurbi ba.

Ranar da na je asibitin, na tambaye ta ko ta ci abinci. Iyakar abin da na ce ke nan.

Laraba, da rana

Ruwa tun asuba. Na karanta shafi ɗaya na littafi sau da yawa.

Lahadi, da magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na yi girkin da wuri. Na yanka naman siri-siri a karkace, na zuba masa romonsa, na barbaɗa riɗi da lawashi, na jera a kula tare da shinkafa. Na sa farar riga, don na san masu fararen riguna ba sa son ja ko baƙi a harabarsu. Na tari ɗan acaba ya kai ni cocin, na ce ya jira. A bakin ƙofa na cire takalmi har da safa. Na ji daɗin kaina da na tuna duk wannan.

Wata dattijuwa mai tsaron ƙofa ta yi min maraba, ta nuna min benci. Na ajiye kular a kai. Ta ja numfashi sau ɗaya, fuskarta ta canja.

"Baba, me ke ciki?"

"Abincin 'yata ne. Sedami."

"Naman me?"

A nan na tuna. Ba sa cin alade, ba sa taɓa shi, ba ya shiga harabarsu. Na sani. Da hannuna na taɓa gyara dogon rahoto a kansu, har na sa wannan a sakin layi na biyu. Sani ne irin na yawan mutanen wata ƙasa: yana kaina, amma ban taɓa haɗa shi da 'yata ba.

Ba wanda ya yi min tsawa. Da sun yi ma da ya fi sauƙi. Dattijuwar ta ce a hankali in ɗauke, mata biyu suka kawo ruwa suna yayyafa wa bencin. Ana cikin haka Sedami ta fito. Ta rame. Rigar ta yi mata yawa a kafaɗa.

"Papa, me ka kawo?"

"Na Lahadi."

"Nan ka kawo shi?"

Na ce na ga ta daɗe ba ta ci ba, kuma da tana so.

"Ba ni nake so ba, Papa. Cikin ne yake so." Ta dubi matan da ke wanke benci, ta dube ni. "Tun Agusta ba ka ce min komai ba. Yau ka zo, ka zo da alade."

Ta juya ta shiga. Na tsaya da kula a hannu ɗaya, takalmi a ɗaya.

Na ba ɗan acaban abincin. Ya buɗe a bakin titi ya ɗanɗana, ya ce, "Kai, Papa, madam ɗinka ta iya girki!" Na ce ta iya.

Litinin

Ban fita ba.

Talata, da yamma

An buga sunan wani gari ba daidai ba a shafin farko, kuma ta hannuna ya wuce. Ba wanda ya ce min komai. Na fara lura mutane suna yawan ƙin ce min komai.

Laraba, da azahar

Toussaint ya zo. Ya ƙi zama, ya tsaya a ƙofar kicin yana murza makullin babur. Shi ma ya zube, ban taɓa lura ba.

Ya ce an sallame ta, ta koma gida. Amma ta ɗauki alkawari a gaban bagadi: ba alade, ba abin da aka dafa a tukunyar da alade ya taɓa shiga, ko faranti, ko cokali.

"Ba don ta ɓata maka ba ne, Papa. Can ne kawai take iya barci."

Na dubi kicin ɗin. Babu tukunya ko ɗaya a nan da ba ta san alade ba.

Zai tafi sai ya tsaya. "Papa, in akwai ragowa a firij, ni fa ban yi wa kowa alkawari ba." Na ɗumama masa na wancan makon. A tsaye ya cinye, da burodi, yana share ido da bayan hannu. Ya ce citta ce. Na ce wannan karon ta yi yawa.

Alhamis, da safe

Sayen sabuwar tukunya ba wuya. Me zan dafa a ciki? Wannan girkin shi ne abin da ya rage na Honorine a kan teburin nan. In na ɗauke shi, ta tashi. In na bar shi, Sedami ba za ta zauna ba.

Na iya rage labari ya shiga gurbinsa. Wannan ban ga inda zan yanke ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Alaja Nimota ta shigo ba sallama, da mayafinta na Juma'a, rungume da wata shuɗiyar tukunya. Ta dire ta a kan teburi.

"Labari ya iso ni. Alade a cocin fararen riguna! Edita, duk karatun nan naka, kai ne ka yi wannan?"

Na ce ni ne.

"To. Ka san wannan?"

"Kamar ta Honorine."

"Ta Honorine ce, amma tawa ce."

Ta buɗe murfin. A ciki akwai wuƙa da ludayi da ɗan katakon yanka, duk an ɗaura musu shuɗin zare. Ta ce satin da muka tare a gidan nan Honorine ta sayo su, ta kai mata har ɗaki ta nuna mata, ta ce waɗannan ba za su taɓa ganin alade ba, na maƙwabta ne. A saman kabad take ajiye su, nesa da sauran.

"Duk Kirsimeti da Ista, me kake tsammani ake miƙo min ta katanga? Jaridarka? Wannan baƙin romon naku ne, da citta da zuma, amma da kaza. Mijina Alaji, Allah ya jiƙansa, har yatsa yake lasa."

Ina ganin tukunyar tana fita tana dawowa shekara da shekaru. Ban taɓa tambayar me ke ciki ba.

Ta ce tun ranar jana'izar Honorine take wurinta. "Na ƙi dawo da ita don na san halinka. Da yanzu ka soya alade a ciki kana karanta jarida."

Ta ce ita za ta sa a yanka kazar a wurin mai yanka mata, don ita ma za ta ci, ba ni kaɗai zan more ba. Cinyoyi zan yi amfani da su, ƙirji bushewa yake. Da ta kai ƙofa ta waiwayo.

"Kuma kada ka aika Toussaint. Ƙafarka lafiya take."

Asabar, da hantsi

Ban je Adjarra ba. Tokpota na je, hannu wofi.

Na tarar da Sedami zaune a baranda tana tsince wake. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo mai mutunci. Na ce shuɗiyar tukunyar mamanta ta dawo gida, gobe kaza zan yi a ciki, da wuƙarta da katakonta, kuma na sayo sababbin faranti.

Hannunta ya tsaya a cikin waken. "Mai shuɗin zare? Ni nake kai wa Alaja ita. Mama takan ce in na sa yatsa za ta gani a goshina."

"Kina sawa?"

"Kullum."

Na jira. Ta ci gaba da tsincewa.

"In na samu dama, Papa."

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya

Kaza ba ta yi kamar alade ba. Ruwa take fitarwa, romon ya ƙi kamawa, sai da na buɗe murfi na bar shi ya tsotse. Alaja tana ba ni umarni ta saman katanga kamar mai ba da hannu a titi.

Na shirya teburi na mutum biyar. Na je zan kulle ɗakin baya, na tsaya da makulli a hannu, na bar shi yadda yake.

Lahadi, da la'asar sakaliya

Finagnon ya zo, Alaja ta zo. Muka jira har shinkafa ta huce. Finagnon ya fara cewa mu ci kawai sai muka ji babur.

Sedami ce da Toussaint. Da farar rigarta ta zo, ba takalmi. Kafin ta gaida kowa ta wuce kicin, ta ɗaga murfin tukunyar, ta taɓa zaren da ke jikin ludayin. Sannan ta fito ta durƙusa wa Alaja, ta zauna a kujerarta.

Ba ta ci da yawa ba. Cinya ɗaya da shinkafa kaɗan. Ta ce zuma ta yi yawa. Alaja ta ce ta faɗa min tun ɗazu, amma kunnuwan na ado ne. Finagnon ya ce ko banza aladun Adjarra sun samu hutu. Toussaint ya yi dariya har ya ƙware.

Ta tashi wanke hannu. Ta daɗe. Finagnon ya dube ni, na ga ya tuna. Na tashi na bi ta.

Tana cikin ɗakin baya. Ta yaye zanen, ta dafa ƙarfen gadon da hannu biyu.

"Ka ajiye shi."

"Na ajiye."

"Kafin in dawo daga asibiti sun kwashe komai. Ko safa ɗaya ban tarar ba. Kamar mafarki na yi." Ba ta juyo ba. "Ka tambaye ni, Papa. Kai da tambaya ce sana'arka. Kowa ya ƙi, kai ma ka ƙi."

Na tsaya a bakin ƙofa. Na yi hira da ministoci da fursunoni, ban taɓa rasa tambayar farko ba.

Na ce, "Kin gani?"

"Wata nas ta nuna min kafin su zo su ɗauka. Ta ce ba a yi, amma ta nuna min."

Sai ta gaya min. Ta daɗe tana magana, ni kuma ban katse ta ba. Muka zauna a ƙasa, bayanmu jingine da bango. Daga falo muna jin Alaja tana ɗaga murya kan farashin atamfa, don kada maganarmu ta kai kunnen sauran.

Da za su tafi ta wanke tukunyar da kanta, ta hau kujera ta ɗora ta a saman kabad. Ta ce mako mai zuwa in rage zuma.

Gidan ya koma shiru. Ga abin da ban rubuta ba tun Agusta.

Jikana namiji ne. An haife shi bai yi numfashi ba. Gashinsa baƙi ne mai yawa, yatsunsa dogaye. Sedami ta ce kunnuwana ya ɗauko, duka biyun, kamar faifai.

Majiyata ɗaya ce, kuma ta isa.